Motar lantarki ta ci lambar yabo: mu a Wadata me ya shafe mu?

Muhawara ce ake ta yi a ƙasashen Turawa: shin ya dace motocin lantarki masu ɗan karen tsada su riƙa lashe lambar "motar shekara" ta duniya? A 2019 Jaguar I-Pace ce ta ci, a 2022 Hyundai Ioniq 5, a 2024 kuma Kia EV9, wadda kuɗinta ya haura miliyan 30 na sefa. Wani zai ce wannan ai zancen masu kuɗi ne, mu da muke neman jikar cefane ina ruwanmu?

To, da ruwanmu fa. Ku leƙa tashar Wadata ku ga motocin da ke ɗaukarmu: kusan duk na hannu ne, sun gama aiki a Turai kafin su iso mana. A 2023 Tarayyar Turai ta amince da dokar daina sayar da sababbin motoci masu mai daga 2035. Ke nan motar da ake tafa wa yau, ita ce za a turo mana gobe da batirin da ya gaji.

Batiri kuwa ba ya shiri da zafi, ga Yamai tana wuce digiri 40 a Afrilu. Wutar caji ma abin dubawa ce. Ba mu manta watan Agustan 2023 ba, da Najeriya ta yanke mana wuta saboda takunkumin CEDEAO. Kuma lambar yabo ba ta hana matsala: ita kanta I-Pace sai da aka kira ta gyara a 2023 saboda haɗarin gobarar batiri.

Mu ba ƙin lantarki muke ba. Allah Ya ba mu rana, ga tashar Gorou Banda mai megawat 30 tana shaida. Abin da muke cewa shi ne, alƙalan gasar su tambayi abin da direban taksi ke tambaya: nawa ne sabon batiri? Makanikin unguwa zai iya taɓa ta? Za ta jure ƙura da ramuka shekara 15?

Motar da ta amsa waɗannan da kuɗin da talaka zai iya, ita ta cancanci yabo. Kafin nan, mu fara koya wa yaranmu na gareji gyaran batiri, don da zafi-zafi ake bugun ƙarfe. Direbobi da makanikai, me kuka gani?