Ƙofar Jami'a Tun Daga Aji Huɗu Ake Buɗe Ta

Wannan makon ina so mu yi shawara a kan yadda yarinya za ta sami shiga jami'a don ta koyi wasan kwaikwayo, ko aikin fim, ko aikin jarida da na rediyo. Tun da na gama kwalejin horon malamai na kama koyar da 'yan mata, na lura yara da yawa suna da sha'awar wannan karatu, amma ba su san hanyarsa ba, iyayensu mata kuwa ba wanda ya taɓa zama ya bayyana musu. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu.

Da farko bari in kawar da wani zato. Waɗansu suna tsammani wadda ta iya kwaikwayo, ko mai zaƙin murya, ita ce ake ɗauka. Ba haka abin yake ba. Galibin jami'o'inmu ba su kiran yarinya ta hau dandali su ga gwanintarta kafin su ba ta gurbi. Takarda suke dubawa, takardar kuwa iri biyu ce.

Ta fari ita ce sakamakon jarrabawar fita sakandare, watau WAEC ko NECO. Ana son kiredit biyar, da Turanci a ciki, kuma kada a tara su a zama fiye da biyu. Ga mai son karatun wasan kwaikwayo, mafi yawan jami'o'i sukan ce lalle ɗaya daga cikin biyar ɗin ya zama Adabin Turanci, da yawa kuma suna neman sa ga mai son aikin jarida. Ta biyu ita ce jarrabawar hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978. Darussa huɗu ake rubutawa a kwamfuta, jimlar makinsu 400, Turanci dole ne ga kowa. Mai neman wasan kwaikwayo takan haɗa da Adabin Turanci, sa'an nan ta zaɓi biyu daga irin su Tarihi, Gwamnati, Hausa ko ilmin addini. A 2025 an tsai da 150 ya zama mafi ƙarancin makin shiga jami'a, amma kada wannan ya ruɗe ki, don kowace jami'a tana da ikon ɗaga nata, kuma inda masu nema suka yi yawa sai wadda ta fi maki. Bayan wannan waɗansu jami'o'in sukan yi tasu tantancewar. Ana kuma son yarinya ta cika shekara 16, ta mallaki lambar ɗan ƙasa ta NIN kafin ta yi rajista.

To, ga inda gizo ke saƙa. Adabin Turancin nan ba a ranar cika fom ake zaɓensa ba. Tun yarinya tana shiga aji huɗu na sakandare, tana 'yar shekara goma sha huɗu ko sha biyar, ake raba su: waɗannan ajin kimiyya, waɗannan ajin kasuwanci, waɗancan ajin adabi. Ranar nan aka buɗe mata ƙofa ko aka rufe, ita ba ta sani ba, uwarta ba ta sani ba. Sau da yawa duk yarinyar da aka ga tana da ƙwaƙwalwa sai a tura ta kimiyya, a ce likita za ta zama, ba a ko tambaye ta ba. Wani lokaci kuma tana ajin adabin, amma makarantar ba ta da malamin Adabin Turanci, sai a ce su ɗauki wani darasi a madadinsa.

Na ga wannan da idona. Akwai wata yarinya da na koyar a ƙaramar sakandare, ita ke tsara mana wasan ranar raba kyaututtuka. Ita za ta rubuta, ta raba wa kowa nasa, ta ce ke tsaya nan, ke shigo ta can, har iyaye su yi ta dariya, wani wurin kuma ka ga tsofaffi suna share hawaye. Makarantar da ta wuce ba su da mai koyar da adabin. Ta fita da kiredit bakwai, ta zo gidanmu da murnarta, muka buɗe littafin sharuɗɗan JAMB tare, sai ga abin da babu shi ake nema. Shekara guda ta zauna a gida tana karatun littattafan da kanta, kafin ta sake zama jarrabawa. Ita mahaifinta ya iya biyan kuɗin rajista karo na biyu. 'Yan mata nawa ne za a jira su shekara guda, ba a ce tun da abin bai yiwu ba a yi maganar aure?

Na sani wata uwar za ta ce, "Malama, ni 'yata ba za ta yi karatun rawa da waƙa ba." Ban ga laifinki ba, don kowace uwa mutuncin 'yarta take tsaro. Amma ki saurare ni kaɗan. A sashen nan ana koyon rubuta labari, da tsara shi, da sarrafa kyamara da fitila da sauti, da shirya shiri na rediyo. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta soma koyar da wasan kwaikwayo a 1975, kuma ta yi suna wajen fita da ɗalibai ƙauyuka su tattauna da mutane a kan damuwarsu ta hanyar wasa. Jami'ar Bayero ta Kano tana da tsangaya guda ta ilmin sadarwa. A Jos akwai makarantar koyon aikin fim ta ƙasa. A 2020 ma hukumar kula da jami'o'i ta raba karatun aikin jarida gida bakwai, har da fim, da aikin rediyo da talbijin, da hulɗa da jama'a, kowane da digirinsa.

Ki duba kuma, tun da aka yi Turmin Danya a Kano a 1990, finafinan Hausa suka shiga ɗakunanmu, yaranmu suna kallo dare da rana. Labarin kishiya da saki da zawarci ake yi, watau labarinmu, amma mafi yawan masu rubutawa da masu ba da umarni maza ne. In muna ƙorafin yadda ake nuna mace, to wa zai gyara in ba 'ya'yanmu masu tarbiyya da ilmi ba? Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta rubuta littattafai ta kuma shirya fim. Marigayiya Hajiya Bilkisu Yusuf ta riƙe editan jaridar New Nigerian. Ba wanda ya ce sun zubar da mutuncin gidansu.

Akwai wani abin ƙarfafa gwiwa. Jami'o'in gwamnatin tarayya sukan raba gurabensu kashi uku: 45 cikin ɗari ga waɗanda suka fi kowa maki, 35 ga 'yan jihohin da ke yankin jami'ar, 20 ga jihohin da aka bari a baya wajen ilmin zamani, jihohin Arewa da yawa kuwa suna cikinsu. Ashe gurbi yana nan yana jiran 'yarki, amma ba a ba wadda ba ta cika sharaɗin darussa ba, ko daga wace jiha ta fito. Wadda kuma ta riga ta wuce, kada ta yanke ƙauna. Tana iya sake rubuta darasin da ya rage, ko ta bi ta IJMB ko difloma ko takardar malanta ta NCE, waɗanda akan shiga aji biyu na jami'a da su.

Roƙona ga hukumomin ilmi shi ne su kai malaman adabi makarantun 'yan mata, don ba adalci ba ne a nemi abin da ba a koyar ba. Ke kuwa uwa, in 'yarki za ta shiga aji huɗu, ki yafa mayafinki ki je makaranta da kanki, ko ki roƙi maigida ya je. Ki tambayi shugabar makaranta ko suna koyar da Adabin Turanci, kuma wa ke koyarwa. Ki zaunar da yarinyar ki ji abin da ranta ke so. Ke kuma ƙanwata, ki sa a buɗe miki sharuɗɗan JAMB a intanet tun yanzu, ki karanta na jami'ar da kike so, gama kowace tana da nata ƙarin. Kada ki yi wasa da lissafi don kina ajin adabi. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Allah ya yi wa zuri'armu albarka, ya ba su ilmi mai amfani. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.