Shekara shida, baƙi uku

Ranar da ɗana ya cika shekara biyar na tara yaran unguwa, aka hura balan-balan, aka ƙure kiɗa. Ana fara yi masa waƙa, ido duk a kansa, sai ya toshe kunnuwa ya shige ƙarƙashin gado. Har magariba bai fito ba. Yayata ta ce sangarta ce, maƙwabciya ta ce a nemo tofi. Ni kuwa na san inda gizo ke saƙa: bikin da raina ke so na shirya, ba wanda shi zai iya ɗauka ba.

Yana da larurar galahanga. Tun 1943 likita Leo Kanner na Amurka ya lura cewa irin waɗannan yara ba sa son a sauya musu abin da suka saba. Biki kuwa sauyi ne zalla: baƙin fuskoki, turare kala-kala, sabon kaya mai ƙaiƙayi a wuya, ga balan-balan da ba a san lokacin fashewarsa ba. Wannan na ƙarshen ya fi komai firgita shi, ni ce dai na makara wajen ganewa.

Bana, da zai cika shekara shida, tun saura mako muka riƙa soke kwanaki a kalanda. Na nuna masa hoton kek, na faɗa masa masu zuwa: Hajiya, kawunsa da ɗan kawun. Babu waƙa. Tsohuwar rigarsa ya sa, ƙofar ɗakinsa a buɗe ko zai so gudu.

Ya zauna da mu minti ashirin, ya miƙa wa Hajiya yanka ɗaya, sannan ya koma jera murafen kwalabensa.