Saran Takobi a Goshin Yarinya

Mai kitso ce ta fara gani. Tana tsaga gashin 'yar yayata, mai shekara shida a lokacin, sai ta tsaya ta ce, "Maman yara, wannan wurin fa?" Wani siririn layi ne ya taso daga tsakiyar goshi ya shige cikin gashi, ya fi sauran fatar duhu, yana ɗan sheƙi. Kakarta ta ce makero ne. Mai kemis ya ba da man shafawa. Ni kuwa, da nake taƙama da aikin yi wa mutane tambaya, ban tambayi kowa komai ba, tunda yarinyar ba ta kukan ciwo.

Shekara guda muka yi a haka. Layin ya yi tauri kamar busasshen ƙirgi, ya lotsa, gashin wurin ya zube. Maƙwabta suka fara raɗe-raɗin kuturta. Da muka isa wurin likitar fata, ta shafa auduga a kan tabon, yarinyar ta ce tana ji sarai. Tabon kuturta kuwa yawanci ba ya ji. Sunan cutar morphea, wato taurin fata na wuri guda. Garkuwar jiki ce ke rikicewa, ta haddasa kumburi, fata ta tara sinadarin kolajin fiye da kima har ta sandare. Ba a ɗaukarta daga wani. Wadda ke bin goshi haka, likitoci na kiranta da Faransanci en coup de sabre: saran takobi.

Wani bincike da Francesco Zulian na Padua a Italiya ya jagoranta, aka wallafa a 2006, ya duba yara 750. Kashi 65 cikin ɗari mai layi ce ta kama su, mata sun ninka maza fiye da sau biyu, kuma akasari tana farawa wajen shekara bakwai. Littattafai suna kwatanta farkonta da zobe mai launin shunayya kewaye da tabon. A baƙar fata da wuya ka ga wannan zoben. Duhu ko kodewa kawai za ka gani.

Ba kamar 'yar'uwarta mai game jiki ba, wannan ba kasafai take taɓa huhu ko zuciya ba. Ɓarnarta ƙasa take nutsawa, zuwa kitse, tsoka, har ƙashin da ke girma. A ƙafa tana iya ƙage gwiwa ko ta bar ƙafa ɗaya gajera. A kai kuwa, wani lokaci takan zo da kumburin cikin ido marar alama, ko farfaɗiya. Shi ya sa aka tura mu wurin likitan ido.

An ɗora ta a kan methotrexate sau ɗaya a mako, layin ya daina tafiya. Lotsawar da ta riga ta yi tana nan. Yanzu da kanta take jawo ɗankwali ƙasa-ƙasa kafin ta fita makaranta.