Masu ƙidayar lomar biri

Mutum ya bar garinsu ya tafi daji ƙidayar lomar biri, sai a ce ya rasa abin yi. Amma wannan aiki ne Jeanne Altmann da maigidanta Stuart, masanan ƙasar Amurka, suka kama a dajin Amboseli na ƙasar Kenya tun shekara ta 1971. Biran da suka bi su ne gwaggon biri, dangin waɗanda ake gani a gandun dajin W.

Kafin lokacin, mai bincike yakan rubuta abin da ya ɗauke masa ido ne, kamar faɗan maza da kururuwarsu. Uwa mai tonon saiwar ciyawa a gefe kuwa ba a kula ta. A 1974 Jeanne, wadda ta yi karatun lissafi, ta bayyana hanyar gyara: a zaɓi biri guda, a riƙe agogo, a bi shi na ƙayyadaddun mintoci, a rubuta abin da ya ci da tsawon lokacin da ya yi yana ci, sannan a koma kan wani.

Da irin wannan haƙuri Stuart ya bi ƴaƴan birai 11 a lokacin yaye, ya auna amfanin jiki da ke cikin kowane tsiro da suka ci. Littafinsa na 1998 ya nuna cewa ƴan matan da suka fi samun abinci mai gina jiki a wannan ɗan taƙi su ne suka fi daɗewa suna haihuwa, ƴaƴansu kuma suka fi rayuwa.

Awon ya tono wani abu kuma. Wani garke ya koma cin jujin masaukin ƴan yawon buɗe ido, yana ƙoshi ba tare da doguwar tafiya ba. Matan garken sun ɗara na daji nauyi da wajen rabi. Kitsen jikinsu ya kai kashi 23 cikin 100, na daji kuwa kashi 2 kacal.

Hausawa sun ce biri ya yi kama da mutum. Yunwar yaye takan bi jiki har tsufa, ƙoshin zaune kuma yana da nasa ciwo. Saboda haka ya kamata magidanci ya riƙa duba abin da ke shiga bakin yaron da aka cire daga nono, domin wanda ya yi shekaru yana ƙidayar lomar biri ya gano cewa a nan ake aza tubalin rayuwa.