Kwanakin Ƙarshe a Santambul

Asabar

Kasuwa ta cinye yinin. Gwaggo ta ce ba ta taka ƙofar wani tsohon gini sai ta gama da saƙonnin mutane, don haka daga shagunan unguwar Laleli muka faɗa Kapalicarshi, kasuwar nan mai rufi da aka fara ginawa zamanin Sarki Muhammad Fatih. Ita ma tarihi ce, sai dai wanda ke cinikin mayafi ba ya ɗaga kai ya dubi rufi. Mun dawo masauki ƙafafu sun yi tsami.

Lahadi

Yau kasuwar a rufe take, sai na samu Gwaggo. Muka tafi unguwar Eyub, inda kabarin Abu Ayyubal Ansari yake, sahabin da ya sauki Manzon Allah (SAW) a gidansa a Madina. Ya biyo rundunar da ta zo yaƙin wannan birni yana tsoho tukuf, ya rasu a bayan ganuwa. Harabar cike da iyalai, ga yara maza cikin fararen kaya da hula mai gashin tsuntsu, an kawo su ziyara kafin kaciya. Gwaggo ta daɗe tsaye tana addu'a. Da muka fito ta ce, "Ɗan nan, me ya hana ka kawo ni nan tun ranar da muka sauka?"

Da la'asar muka hau tudu zuwa Masallacin Sulaimaniyya, wanda Mimar Sinan ya gina wa Sarki Sulaiman tsakanin 1550 da 1557. A ganina ya fi Masallacin Sultan Ahmad da kowa ke rububi: ba turereniya, haske ya wadata, daga bayansa kuma kana hango jiragen ruwa suna kai da komo tsakanin Turai da Asiya.

Litinin

Jirginmu na dare ne. Mun ajiye akwatuna wurin masu otal, muka kama taragon titi zuwa unguwar Sultanahmet da sanyin safiya.

Da Ayasofiya muka fara. Sarkin Rum Justiniya ya kammala ta a 537 a matsayin coci, ta zama masallaci a 1453, aka mai da ita gidan tarihi a 1934, ta koma masallaci a 2020. Yanzu masu yawon buɗe ido suna biyan kuɗi su hau bene ta wata ƙofa, masu salla kuma suna shiga ƙasa. Abin da ya tsayar da ni yana bakin babbar ƙofa: dutsen marmara ya lotsa, ƙafafun mutane sun cinye shi a hankali har ya yi kwari. A ciki, manyan faya-fayai masu zanen zinariya na rataye da sunan Allah, da na Annabi, da halifofi huɗu, da Hasan da Husaini. Can sama da mihirabi hoton Maryam ne ɗauke da jariri, an ja masa farin labule. Mihirabin kansa ya ɗan karkace daga tsakiyar ginin, don waɗanda suka aza harsashi ba alƙibla suka auna ba. Wata kyanwa na barci a kan darduma, ba wanda ya ce mata tashi.

Daga nan sai Fadar Topkapi. Fada ce da ke son yini guda, mu kuwa sa'o'i kaɗan gare mu, sai muka wuce ɗakunan girki da tangaran ɗin Sin muka nufi ɗakin amanoni. Yawancin kayan cikinsa Sarki Salim na Ɗaya ya kawo bayan ya ci Misira a 1517. Layi ne dogo, ana tafiya taku ɗaya ɗaya, an hana ɗaukar hoto. Akwai takubban da ake danganta wa Annabi da sahabbai, da gashin gemu, da tsofaffin makullan Ka'aba, da akwatin zinariya da aka adana alkyabbar Annabi a ciki. A gefe wani alaramma na zaune yana karatu, in ya gaji wani ya karɓa. Mai gadi na ta cewa a matsa gaba. Gwaggo ta ƙi motsi sai da alaramman ya kai ƙarshen aya.

Saura Yerebatan, tafkin ƙarƙashin ƙasa mai ginshiƙai 336 da Rumawa suka gina don tara wa birni ruwa. Gwaggo ta leƙa matakalar ta ce gwiwarta ba ta yarda ba, ta zauna waje da shayi da gurasar simit mai riɗi. Na sauka ni kaɗai. Sanyi, ɗigar ruwa daga sama, can ƙurya kuma kawunan dutse biyu na Medusa, dodanniyar tatsuniyar Girkawa, da aka tokare ginshiƙai da su, ɗaya a kife, ɗaya a kishingiɗe. Magina sun ɗauko su daga wani tsohon gini suka yi matashi da su kawai.

Ina haurowa na tarar Gwaggo na nuna mini agogo. Filin jirgin yana da nisa da gari, ga cunkoson yamma ya fara, direban tasi kuma ya ce sai dai mu bi babbar hanya mu biya kuɗin ƙofa. Ta ce ya bi.