Ƙashin Akuya da Buhunan Wasiƙu

Ranar da aka yanka ragon layyarmu bara, na tsaya a kan mahaucin da ya zo fiɗa har sai da ya tsargu. Na ce, "Malam, idan ka zo ƙafar baya, akwai wani ɗan ƙashi a gaɓar nan da take lanƙwashewa baya. Shi nake so ka cire mini, kada ka fasa shi." Ya dube ni, ya dubi maigidana, ya ce, "Hajiya, magani za a haɗa?" Na ce a'a. Na san bai yarda ba, amma ya ciro shi, ya miƙo mini da jini-jininsa. Bai wuce gaɓar babban yatsa ba.

Abin da ya kai ni ga wannan ƙashi aikina ne. Shiri biyu nake gabatarwa a wani gidan radiyo a Damagaram: na gaisuwar masu saurare da dare, da wani na tarihin duniya sau ɗaya a mako. Ina cikin neman abin da zan faɗa a kan Delfi, garin nan na tsohuwar ƙasar Girka da sarakuna ke aikawa a yi musu duba, sai na faɗa kan rahoton wasu Faransawa masu tonon kayan tarihi. A 1970 da 1971, ƙarƙashin jagorancin Pierre Amandry, sun tona wani kogo a jikin dutsen Parnasos, can sama da Delfi, a tsayin da ya wuce mita 1,300. Kogon Korikiya ake ce masa. Daga garin zuwa bakinsa tafiyar awowi ce a ƙasa, kuma hawa ne. Babu gini a wurin, babu ginshiƙan marmara, sai duhu da ɗigar ruwa. Mutanen yankin sun keɓe shi ga Pan, abin bautar makiyaya mai ƙafar akuya, da wasu aljanu mata na ruwa da duwatsu da suke kira nimfa. Hirodotus ya rubuta cewa da rundunar Farisa ta doso a shekara ta 480 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), a wannan kogo mutanen Delfi suka kai kayansu ɓuya.

Me aka samu a cikin ƙasar kogon? Gutsattsarin ƴan gumakan yumɓu dubun-dubata, yawancinsu irin na araha da ake bugawa da yawa a mazubi ɗaya. Ƴan tulunan turare ƙanana. Ɗaruruwan zobba na tagulla da ƙarfe. Guntayen sarewar ƙashi. Sai kuma wannan ɗan ƙashi nawa, guda sama da 22,000, kusan duka na tumaki da awaki.

Na tsaya na yi lissafi, don ni ƴar gidan kiwo ce. Biyu kawai dabba take da shi, ɗaya a kowace ƙafar baya. Ke nan aƙalla dabba 11,000. Ba a wurin aka yanka su duka ba, a aljihu da ƴan jakunkuna aka hau da ƙasusuwan, shekara bayan shekara, ƙarni bayan ƙarni. An goge gefen waɗansu ya yi sumul. An huda kimanin 2,500, kamar dai don a zura igiya a rataya. Ƴan kaɗan an ɗura musu dalma, wasu kuma an karta sunaye a jikinsu, irin su Herakles da Akilis.

Gefe huɗu ƙashin yake iya faɗawa, kuma Girkawa sun ba kowane gefe lamba: 1, 3, 4 da 6. Yara suna wasa da shi, su cilla sama su cafe, kusan yadda muka yi carabke da tsakuwa muna ƙanana. Manya suna caca da shi. Ana kuma duba da shi: Pausaniyas, matafiyin da ya zagaya Girka a ƙarni na 2 bayan haihuwar Annabi Isa, ya ba da labarin wani kogo a Bura inda mai tambaya ke jefa ƙasusuwa huɗu ya karanta amsa a jikin allo. Shi ya sa masana suka kasu. Waɗansu sun ce kayan wasa ne da yara suka kawo lokacin da za su bar ƙuruciya, don al'adarsu ce budurwa ta miƙa ƴar tsanarta kafin aure, saurayi ya miƙa kayan wasansa. Waɗansu sun ce wurin duban talaka ne. A Delfi, matar da ke ba da amsa rana ɗaya take zama a wata, wata tara a shekara, ga kuɗin shiga, ga dabbar yanka, ga manyan da ake ba su gaban layi. Makiyayin da akuyarsa ta ɓata ina zai kai kansa can? Ni dai zuciyata ta fi kwantawa da cewa duka biyun sun faru. Kada wani ya ce ina yabon bautarsu, mun san matsayinta a wurinmu. Mutanen nake kallo: wanda ya hau dutse tun asuba da abin da bai kai kuɗin kunu ba a hannunsa, da wata damuwa da ta fi ƙarfinsa.

Kirosus, sarkin Lidiya, ya aika wa Delfi zaki na zinariya da tubala 117, wasu zinariya tsantsa, wasu garwaye da azurfa. Wajen shekara 200 bayan haka, a lokacin wani yaƙi, mutanen Fokis suka narkar da dukiyar wurin suka biya sojojin haya. Yau ko ƙwayar tubali ɗaya babu. Ƙashin akuya kuwa babu ɓarawon da ya kula shi. Akwai kuma wata ƙa'ida a wuraren bautarsu: abin da aka miƙa ya fita daga hannun mutane. Idan wuri ya cika, sai masu kula da shi su haƙa rami a cikin harabar su binne tsofaffin kaya, komai ƙanƙantarsu. Ba a kai su juji.

A kan wannan layin na ajiye wayar, don na tuna buhunanmu.

Kafin salula ta kai ko'ina, da wasiƙa masu saurare ke gaisuwa. Direbobin ranar kasuwa ke kawo su daga ƙauyuka. Wasu da boko, wasu da ajami, a takardar da aka yaga daga littafin ɗan lakwal, har da bayan takardar buhun siminti. Mai cigiyar raƙumi, mai gaida amarya, mai neman ɗansa da ya tafi arewa neman kuɗi shiru babu labari. Wata tsohuwa takan naɗe dala ashirin a cikin tata, ko da yake ba a biyan komai. Idan an karanta, sai a jefa a buhu, buhu ya tafi mangaza. Shekara uku da suka wuce aka ce ana son mangazar don a sa sabon inji. Kaset-kaset na jawaban manya aka kwashe su a hankali, aka jera a kabad mai makulli. Buhunan kuwa, bakwai ne, sai aka ce a tambayi mai shirin. Ina sauri zan shiga ɗakin watsa shiri, na ce wa maigadi, "Baba, gara ta fara cin su, a ƙona kawai." Ban buɗe ko ɗaya ba. Ba wanda ya tilasta ni, kuma ba zan ɗora wa kowa ba.

Watanni bayan na karanta labarin kogon, wani saurayi ya zo nemana a bakin ƙofar gidan radiyon. Ya durƙusa ya gaida ni, ya ce, "Anti, mahaifiyata ta rasu da azumi." Ya faɗi sunanta da ƙauyensu, na gane ta nan take, don shekaru na yi ina kiran sunan nan a iska. Ta yi yaƙi da jahilci da girmanta, ya ce, kuma abin da ta fi alfahari da shi shi ne da hannunta take rubuto mana. A gida ba su da ko layi ɗaya na rubutunta, duk nan ta turo. Ko da guda ɗaya ce yana so, ya nuna wa ƴaƴansa idan Allah ya ba shi.

Masu tonon nan sun sami ƙasusuwa, ba su sami abin da masu su suka roƙa ba, har yanzu zato ake yi. Ni kuwa roƙon ne a rubuce a hannuna, da suna, da gari, da kwanan wata.

Na ce masa, "To ƙanena, bar mini lambarka, zan duba." Ya yi ta godiya har da addu'a.

Ya kira sau biyu tun daga nan. Na farko na ce ina kan dubawa. Na biyu ban ɗauka ba. Ƙashin ragon yana kan teburina kusa da makirfo, ya bushe ya yi fari, kuma idan waƙa tana tafiya nakan jefa shi in ga yadda zai faɗi. Kusan kullum a kan faffaɗan gefen yake kwanciya, 3 ko 4. Sai an daɗe yake tsayawa a kan 6. Lambar yaron tana cikin wayata, na rubuta ta da sunan mahaifiyarsa, kuma gobe Alhamis ce, ranar da ya ce yakan shigo gari.