Kaza da ƴaƴanta a ma'aunin masana

A Agadas ba a koyon taurari daga littafi. Madugan ayarin gishiri da ke ƙetare Tenere zuwa Fashi da Bilma da su suke gane hanya, mu kuwa tun muna yara aka nuna mana Kaza da ƴaƴanta. Sai da na girma na san cewa wannan gungu, mai nisan tafiyar haske ta shekara wajen 440, yana cikin abubuwan da masana suka fi sa wa ido.

Wasu daga cikin ƴaƴan Kazar, kamar Pleione, taurari ne masu tsananin zafi da saurin juyawa, har sukan watsar da iskar gas ta kewaye su kamar faifai. Nisa ya hana a ga faifan da madubin hange, to yaya aka san siffarsa?

Haske kaɗawa yake yi, kamar igiyar guga, amma ta kowace fuska. A 1808 Bafaranshe Étienne-Louis Malus ya gano cewa hasken da ya daki gilashi ya dawo yakan karkata ga kaɗawa ta fuska guda. Haka ke faruwa idan hasken tauraro ya ci karo da ƙwayoyin lantarki na gas ɗin. Da gas ɗin dunƙule yake kamar ƙwallo, da karkatar wani gefe ta shafe ta wani. Da yake shimfiɗe yake, sai saura ya rage, kashi 1 ko 2 cikin 100. Daga wannan ɗan saura ake gane kwanciyar faifan da kaurinsa. Sai dai ƙurar da ke tsakanin taurari ita ma tana karkatar da haske, kamar yadda aka gano a 1949, don haka sai an cire rabonta. Wanda ya san hazon hunturu ba zai yi mamaki ba.

Abin da ke damuna a matsayin malamin harsuna biyu shi ne, ɗalibina na iya haddace wannan da Faransanci, amma ya kasa bayyana wa kakarsa, wadda ta fi shi sanin lokacin fitowar Kaza. Na gwada bayanin da Hausa a aji, da igiya da faifai, yara suka fara tambayoyi maimakon kwafa.

Ina roƙon ƴan uwana malamai da ƙungiyoyin al'adu mu tattara sunayen taurari daga bakin tsofaffi, Hausawa da Buzaye, tun suna raye, mu kuma zauna mu daidaita kalmomin da za mu koyar da su.